Lemun Tsami Biyu

Talata, 1 ga Maris 1949, da hantsi

Garba mai lamba ya ba ni kayen nan, littafin rubutu, don in rubuta sunayen waɗanda za a yi wa lambar agana. Ganyen gaba na gwamnati ne, na baya nawa. Ni Hamisu tsohon soja na san ko a tsakiyar kasuwar Madarunfa na bar shi buɗe ba mai iya karanta shi, iyaka awaki su cinye.

Agana ta shiga Safo, garin da ke kusa da mu. Wasu sun ce gida huɗu, wasu sun ce rabin gari, kowa da ƙaryar da ta yi masa daɗi. Kwamanda, Baturen mulki, ya turo Garba daga Maradi da akwatin ƙarfe da gardi ɗaya, wato ɗan sanda. Garba Bazabarme ne, Hausarsa duk a karye take, don haka ni ne bakinsa. Shekara biyar na yi ina shan wuya a yaƙin Nasara, ga amfaninta yau: in tsaya ƙofar mai gari in roƙi jakuna su miƙo hannu.

Laraba, 2 ga Maris, bayan la'asar

Muna fitowa masallaci na tarar Ɗan Azumi mai goro ya tara mutane. Mutumin nan iyakar tafiyarsa garin Ɗan Issa, amma in ya buɗe baki sai ka ce da shi aka kafa duniya.

Ya ce, "Ruwan ga na Nasara haihuwa shi ka kashewa. A Katsina an gani. Duk ɗiyar da anka tsaga ma hannu ta gama, ba ta goyo har ta mutu."

Na naɗe hannun riga na nuna masu tabona. Na ce, "Ga tawa nan tun a bariki. Na mutu?"

Ya tauna goronsa, ya tofar, ya ce, "Ba ka mutu ba, Soja. Amma shekara huɗu ke nan da komowarka. Ina goyon Rabi?"

Aka fashe da dariya. Har liman ya juya fuska, na ga kafaɗarsa na rawa. Na ce masu gobe ɗiyata ce farko a layi, kowa ya zo ya kashe ƙwarƙwatar idonsa.

Ɗiya ɗaya gare ni, shekararta tara, an haife ta kafin a ɗauke ni soja. Ɗiyar fari ce, don haka ba na kiran sunanta, uwarta Rabi ma ba ta kira, ba ta ɗaukarta, ba ta wasa da ita a gaban mutane. Yayata Balaraba ce ta karɓe ta tun yaye. Mijin Yaya ya rasu, a gidana take zaune, a ɗakinta yarinyar ke kwana, ita ke yi mata kitso, ita ke ɓoye mata ƙanzo. Yarinyar tana ce mata Goggo sau ɗari a yini.

Shekara huɗu. Shege, ashe ƙirgawa yake yi.

Alhamis, 3 ga Maris, azahar

An yi. Ita ce farko. Garba ya tsaga mata damtse sau uku da ɗan ƙarfensa, ya ɗiga ruwan, ya ce ta zauna inuwa har ya bushe, kada ruwa ya taɓa wurin. Ko kuka ba ta yi ba. Na ji daɗi, ban nuna ba.

Matan garin nan suna da dabara. Kowace ta ƙulle ɓarin lemun tsami a bakin zane, ana gama tsaga wa ɗanta sai ta zaga bayan danga ta murza masa a wurin, wai tsamin yana kashe dafin kafin ya shiga jini. Gardi ya kama uku, ya sa su tauna ɓawon su haɗiye a gaban jama'a. Na yi dariya har da hawaye. Yara da yawa ba a kawo su ba sam. Sani masunci ya ce ɗiyarsa Binta ta tafi ƙauyen Gabi, alhali kowa ya san a cikin rumbu ya tura ta.

Alhamis, la'asar

Na kai ɗiyata bayan rumbu na duba hannun. Ba komai. Na wanke hannuna.

Juma'a, 4 ga Maris, da safe

Yaya ta tashi gida da mita. Tana da itacen lemun tsami ɗaya a bakin rijiya, kullum safe sai ta ƙirga 'ya'yansa. Wai biyu sun ɓata. Na ce ta tambayi awaki. Ta ce awakin gidan nan ba su da tsani. Yarinyar tana gefe tana shan koko, ba ta ɗaga kai ba.

Talata, 8 ga Maris, hantsi

Hannuwan yara sun kumbura ko'ina, ƙurji ya fito da ruwa, wasu na zazzaɓi. Garba ya riga ya gaya mini haka ake so, alamar lamba ta kama ke nan. Na faɗa wa mutane har muryata ta dushe. Wata tsohuwa ta tofa mini yawu a ƙafa.

Hannun tawa ɗiyar sumul yake, tsagar ta warke ba ko tabo. Rabi ta duba ta wutsiyar ido, ta ce alhamdu lillahi.

Alhamis, 10 ga Maris, bayan azahar

Garba ya dawo duba hannuwa. Da ya zo kan ɗiyata ya juya damtsen, ya sake juyawa, ya dube ni. Ya ce da Faransanci, "An goge wannan." Na ce ba zai yiwu ba. Ya ce shekara goma yake wannan aiki, ya san tsagar da ta sha tsami. Ya ce gidan tafinta ne fa, dole ya rubuta wa kwamanda, kuma sai an ba shi suna. Mai gari yana zaune, gardi yana tsaye, rabin gari na kallon bakina.

Na ce a gidana mutum ɗaya ke da itacen lemu.

Gardi ya fito da Yaya hannunta duk ƙullun dawa. Ta dube ni sau ɗaya. Na jira ta yi ihu, ta yi rantsuwa, ta tara mini jama'a yadda ta saba in an taɓa mata tukunya. Sai ta miƙa wa gardi hannuwanta. Aka ɗaure ta a turken dokin mai gari, cikin rana, har la'asar sakaliya. Mace mai shekara hamsin. Yara suka taru suna kallo, na kore su, na ce ba biki ake ba.

Na ce wa Garba ya sake yi wa yarinyar yanzu. Ya ce ruwan da ya rage zafi ya lalata shi, sai wata mai zuwa in an kawo sabo daga Yamai.

Wata ɗaya ba wani abu ba ne.

Juma'a, 11 ga Maris, hantsi

Gardi ya sare itacen. Yaya ta ɗaure kayanta a tsumma ta nufi Gabi wurin dangin mijinta, a ƙafa. Yarinyar ta bi ta har bakin tafki tana riƙe da zanenta, sai da na je na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Yaya ta ce mata, "Koma gida, uwata. Ki ci abinci." Ni ba ta ce mini ko sai wata rana ba.

Ni ban kore ta ba. A rubuta wannan. Ita ta tafi.

Lahadi, 13 ga Maris, la'asar

Agana ta shigo gari, gidan Sani masunci. Binta ce, wadda aka ɓoye a rumbu. Kwana biyar tana kwance suna rufewa. Rabi ta ce tun da Yaya ta tafi yarinyarmu can take yini, don ba ta da ɗakin zama a nan. Na mare ta. Yarinyar nake nufi. Na mari Rabi ma.

Alhamis, 17 ga Maris, azahar

Binta ta mutu. Ɗan Azumi yana yawo yana cewa a akwatin Garba aka kawo cutar, ai kafin ya zo lafiyarmu lau. Mutane suna gyaɗa kai kamar ƙadangaru.

Na haɗu da Sani a hanyar maƙabarta, ƙasa har gwiwarsa. Na ce masa, "Ka aje ta a rumbu kamar hatsi, ga shi ka shuka ta. Sai mu jira damina." Ya tsaya yana kallona, bakinsa a buɗe. Na yi tsammanin zan ji sanyi a raina, ban ji ba.

Na wanke hannuna da toka.

Alhamis, 24 ga Maris, da safe

Yarinyar jikinta da zafi, tana cewa bayanta. Zazzaɓin bazara ne.

Asabar, 26 ga Maris, azahar

Zazzaɓin bazara ne. Kowa yana yinsa.

Lahadi, 27 ga Maris, hantsi

Ƙuraje sun fito. A goshi da farko, sai cikin baki, sai tafin hannu.

Litinin, 28 ga Maris, bayan la'asar

Na shimfiɗa mata rairayi mai laushi a ɗakin Yaya, don tabarma na cizon ƙurajen. Ni ke shiga, ina da tabona. Rabi tana zaune a bakin ƙofa ta ba ɗakin baya, tana tsince wake, wake ɗaya tun safe. Kunyar ɗiyar fari ta hana ta shiga, ga matan maƙwabta suna leƙe ta saman danga su ga ko za ta karya.

Gari ya samu abin taunawa. Ɗan Azumi ya ce, "Kun gani? Wadda anka fara tsagawa ita ta kwance. Waɗanda hannunsu ya kumbura dahin ya hito waje, ita nata ciki ya shige." Wani ya ce ai Balaraba ta goge mata. Ya ce, "Wace Balaraba? Ran nan tana gidan suna tun azahar, matana sun gan ta. Sharri anka yi ma baiwar Allah don a ruhe asirin Nasara." Yanzu wannan magana ce ke yawo har Safo. Waɗanda suka kai 'ya'yansu suna cizon yatsa, waɗanda suka ɓoye suna taka ƙasa da ƙarfi.

A cikin yaran da hannunsu ya kumbura ko ɗaya bai kwanta ba. Na bi kayen nan suna bayan suna, na duba. Ba wanda ya tambaye ni.

Laraba, 30 ga Maris, da safe

Tana kiran Goggo.

Laraba, la'asar

Rabi ta tare ni a zaure, ta durƙusa. Ta ce, "Maigida, ka aika Gabi. Don Allah, don Annabi. Ita ta saba da ita."

Na ce kwamanda ya rufe hanya, ba shiga ba fita.

Ta ce, "Masu jakai suna wucewa ta bayan tabki kullum."

Na ce ni tsohon soja ne, ba na taka doka. Na ce matar da ta jawo mana wannan ba za ta sake taka gidana ba. Na faɗa da ƙarfi don na bayan danga su ji. In Yaya ta zo, yarinyar za ta yi mata magana, ita kaɗai take yi wa magana.

Juma'a, 1 ga Afrilu, azahar

Fuskar ta kumbura, idanu sun rufe, ƙurajen sun haɗe da juna. Ban gane ta ba. Na ga mutane da hanjinsu a waje a wurin yaƙi, ban yi amai ba. Yau na yi, a gindin kututturen lemu.

Goggo, Goggo, Goggo. Da na kawo mata ruwa ta laluba hannuna, ta ji ba shi ba ne, ta sake.

Asabar, 2 ga Afrilu, hantsi

Rabi ta shiga. Ta ture ƙwaryar waken, ta shiga a gaban duk masu leƙe, ta ɗora kan yarinyar a cinyarta, tana kiran sunanta a fili, tana ta kira. Shekara tara ba ta furta shi ba. Wata ta bayan danga ta ce, "Yau mun ga rashin ta ido." Da bindigata na hannu da na harbe ta.

Ina goge mata jiki da ruwan ɗumi, na kai kan damtse, sai ta janye. Ta ce, "Baba, bari, da zahi. Lemun da zahi. Ba ni gaya ma kowa."

Rabi ta ɗaga kai. Ta ce, "Maigida, wane lemu?"

Na ce zafin ciwo ne, sambatu take yi.

Lahadi, 3 ga Afrilu, la'asar

Rabi ba ta sake tambaya ba. Ta ajiye mini tuwo a ƙasa a bakin zaure, inda ake ajiye wa baƙon da ba a sani ba.

Litinin, 4 ga Afrilu, azahar

Ta daina kira.

Talata, 5 ga Afrilu

Da hantsi.

Talata, bayan la'asar

Mu biyar muka kai ta. Liman ya tsaya nesa ya yi salla da sauri, ya toshe hanci da rawani. Sani masunci ne ya haƙa kabarin, ban roƙe shi ba, bai dube ni ba. Ban yi kuka ba, uba ba ya kukan ɗan fari a gaban mutane. Wani ya ce Soja namiji ne. Na so in cusa masa ƙasa a baki.

Alhamis, 7 ga Afrilu, la'asar

Garba ya dawo da sabon ruwa. Mai shela ya zaga gari sau biyu. Jama'a sun cika ƙofar mai gari, amma kallo suka zo, ba wanda ya zo da yaro. Gidaje tara ke da mai agana yanzu. Garba ya ce in gaya masu abin da na saba faɗa.

Na tsaya. Na ce ni ne. Bari in rubuta shi a nan yadda na faɗa, tunda na yi wata guda ina zagaye shi. Ranar da aka yi mata lamba, da la'asar, na tsinki lemu biyu a itacen Yaya, na kai ɗiyata bayan rumbu, na yanka da wuƙata, na murza mata a tsagar har ta yi jini, na ce in ta gaya wa kowa sai na yanke mata harshe. Maganar Ɗan Azumi ce ta kwana a cikina. Na ce a raina, in fa gaskiya ne? In ita ma ta zama kamar ni? Ni da na yi rantsuwa a ƙofar masallaci, ni da na yi wa mata dariya suna tauna ɓawo. Na ce masu lamba ba ta kashe ɗiyata ba, rashinta ya kashe ta. Na ce ku kawo 'ya'yanku, ina roƙonku.

Sai Ɗan Azumi ya ce, "Wancan wata Yayatai ce. Yau shi ne. Gobe Rabi ce, jibi akuya." Aka yi dariya, ba da yawa ba, amma an yi. Ya ce, "Ku dubi abin da Nasara ka sa mutum. Ɗiyatai ba ta kwana uku a ƙasa ba, sun sa shi ya ɗauki jininta bisa kainai don su samu namu."

Mutane suka fara watsewa. Na bi su ina rantsuwa, na kama rigar wani, ya fizge. Wata mata ta ce, "Allah sarki, baƙin ciki ya taɓa mai kai."

Yara huɗu aka kawo. Biyu na Sani ne. Garba ya rufe akwatinsa.

Juma'a, 8 ga Afrilu, da safe

Rabi ta tafi gidansu. Ta share ɗakin kafin ta fita, ta kwashe rairayin.

An ce autan Ɗan Azumi ya kwanta da zazzaɓi. Na ji daɗi. Na rubuta don gaskiya ne. Yaron shekararsa uku.

Asabar, 9 ga Afrilu, bayan la'asar, Gabi

Na zo ta bayan tafki, hanyar masu jakuna. Ba ko gardi ɗaya a kanta.

Na samu Yaya tana sussuka ita kaɗai. Labari ya riga ni, ta rame, alamar igiya na nan a wuyan hannunta. Ta ajiye taɓarya, ta kawo mini ruwa, ta jira na sha. Na fara magana, ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Na sani, Hamisu. Na komo gidan suna ɗaukar ludayi, na gan ka ta ƙohwar madahi. Ita ma ta gan ni."

Na ce, "Yaya, don mi ba ki hwaɗa ba? Sun ɗaure ki a turke."

Ta ce, "Ni na goye ka. In hwaɗa a ɗaure ka a gaban ɗiyarka?"

Ta zauna a kan turmi. Ta daɗe tana kallon zangarniyar da ke ƙasa. Ta ce ba ta son jin yadda aka yi, ko wa ya yi wanka, ko wa ya yi salla. Abu ɗaya take so ta sani.

Ta ce, "Ta kira ni?"

Kwana biyar tana kiranta, yana nan a rubuce a baya. In na ce e, za ta tambaye ni me ya sa ban aiko ba.

Na ce, "A'a, Yaya. Ba ta kira kowa ba."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Ai na sani. Hushi ta yi da ni, na tahi na bar ta." Ta sa bakin zane ta rufe fuska, ta yi ta cewa na tahi na bar ta. Ina zaune ina kallonta, ƙwaryar ruwanta a hannuna, ban gyara maganar ba.

Asabar, kafin magariba

Ganye ɗaya ya rage. Na juya gaba, wurin sunayen gwamnati. A layi na farko na rubuta "ɗiyar tafinta", don ko a nan hannuna bai iya ba. Na soke shi yanzu, na rubuta a samansa.

Hajara.

A gefen da Garba ke sa alama ko lamba ta kama, ba komai.